Filin Tambaya da Amsa: Kafin a kai samari daji, wa zai horar da manyan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin lise ne, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Mu shida ne muka haɗa kai, malamai uku, da tela, da direba, da wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, domin mu janye samarin unguwarmu masu shekara 15 zuwa 19 daga zaman fada, wato majalisar hira da shan shayi ta samari, na dare da rana, mu riƙa fita da su bayan gari suna tafiyar ƙasa, suna hawan duwatsu, suna kwana a daji. Mun gwada sau ɗaya da samari 23, amma ruwa ya ƙare mana kafin azahar, biyu suka yi faɗa, ɗaya kuma ya ɓace mana kusan awa guda, har muka dawo gida kowa ransa a ɓace. Da muka zauna muka duba, sai muka ga laifin namu ne mu manyan, domin ba mu san aikin ba. Yaya za mu horar da kanmu, me ya kamata mu fara koya, kuma wa zai koya mana, ga shi ba mu da kuɗin ɗauko ƙwararru?

Daga wani malami, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka shi ne yadda kuka ɗora laifin a kanku, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fara irin wannan aiki, idan fita ta farko ta lalace, sai su ce yaran zamani ba sa jin magana, su naɗe tabarma. Ku kun gano inda gizo yake saƙa, kuma daga nan ake farawa.

Matsalar da kuka ci karo da ita tsohuwa ce. Baden-Powell, mutumin Ingila da ya kafa harkar ƴan sikawut, ya yi zangonsa na gwaji a tsibirin Brownsea a watan Agusta na 1907, da yara wajen ashirin waɗanda ya raba gida huɗu, kowane gida da shugabansa daga cikin yaran. Harkar ta bazu da sauri har ta fi ƙarfin manyan da suke riƙe da ita, shi ya sa a 1919 aka buɗe kwas na horar da manya a wani fili da ake kira Gilwell kusa da Landan. Yadda aka tsara kwas ɗin shi ne darasin da nake so ku ɗauka: an raba magidanta ƙungiya-ƙungiya kamar yara, suka kafa tanti da hannunsu, suka yi girki, suka kwana a ƙasa, ana juya shugabanci a tsakaninsu. Wanda ya kammala, ya kuma koma gida ya nuna abin da ya koya a aikace, shi ake rataya wa ƴan duwatsun katako guda biyu a igiyar fata, kuma har gobe da wannan alama ake gane jagoran da ya sami horo a ƙasashe da dama.

Saboda haka, Malam, shawarata ta farko ita ce ku ajiye samarin tukuna, ku shida ku fita ku kaɗai, aƙalla sau uku, kafin ku sake gayyatar yaro ko ɗaya. Ku bi ainihin hanyar da kuke son bi da su, a daidai lokacin da za ku bi ta, kowa da kayansa a baya. Ku riƙe agogo da littafi, ku rubuta minti nawa kuka yi daga wannan rijiya zuwa waccan, ina inuwa take da ƙarfe goma sha ɗaya, ina waya take daina kamawa, ina karangiya ta fi yawa, wane ƙauye ne yake da asibiti, kuma ta wace hanya mota za ta iya shigowa idan an sami larura. A kowace fita ku naɗa mutum ɗaya shugaba, sauran su bi shi ko da sun girme shi, ranar da tela yake shugabanci malaman lise su yi biyayya. A nan ne babba yake ɗanɗana abin da yaro yake ji idan an yi masa tsawa alhali ƙafarsa ta yi bororo, kuma a nan ne za ku gane cewa mutum mai kaya a baya, a kan rairayi, da ƙyar yake cin kilomita huɗu a awa, ayari mai yawa kuwa bai kai haka ba. Miriya tana da nisan kimanin kilomita 18 daga Damagaram, wanda a mota ba komai ba ne, amma a ƙafa tafiyar safiya ce cur har rana ta take, kuma sai wanda ya taka ya san haka.

Game da wanda zai koya muku, kada rashin kuɗi ya karya muku gwiwa, domin jagoran samari ba a neman ya zama masanin komai. A Amurka akwai wani tsari na ƴan sikawut da aka fara a 1998 domin matasa maza da mata masu shekara 14 zuwa 20, inda matasan suke zaɓen shugabanninsu, babba kuma sunansa mai ba da shawara. Kwas ɗin da suka tsara wa manya kan harkar fita daji, wanda suke kira Powder Horn, ba ya mai da mutum gwanin hawan dutse ko tuƙin kwalekwale. Ana kawo masu sana'ar ne ɗaya bayan ɗaya, babba ya ɗan taɓa kowane fanni da hannunsa, ya san haɗarin da yake ciki, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan matasansa sun ce suna so. Wannan dabara ta dace da mu ƙwarai, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma Damagaram cike take da masana waɗanda ba a taɓa gayyatar su koyarwa ba.

Ku fara da abokinku ma'aikacin jinya, sannan ku je reshen ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj ku nemi a koya muku taimakon gaggawa, ku kuma roƙi ƴan kwana-kwana su ba ku yini guda kan kashe wuta da ɗaukar majinyaci da ƙulla igiya. Ma'aikatan gandun daji za su nuna muku inda aka hana sara da inda aka hana kunna wuta. Mai haƙar rijiya ya fi kowa sanin igiyar da za ta ɗauki nauyin mutum da ƙullin da ba ya kwancewa. Maharbi zai nuna muku sawu da ramukan da ba a sa hannu. Makiyayi, Bafulatani ko Buzu, zai koya muku gane gabas da yamma da taurari, da karanta hadari, da bin burtali ba tare da an shiga gonar kowa ba. Ku je musu da goro da girmamawa, ku zauna a ƙasa ku saurara, ku rubuta sunan kowane da fannin da ya iya a littafin ƙungiya, domin wannan littafi shi ne jarinku. Ku kuma nemi ƴan sikawut na jiha, tunda Nijar tana da ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma shiga ƙarƙashin inuwar da hukuma ta sani yana sauƙaƙa neman izini da kwantar da hankalin iyaye.

Yanzu sai abubuwan da babba ba ya sakin su ga kowa, kuma na farkonsu ruwa ne, wanda mu mutanen Damagaram bai kamata a yi mana dogon bayani a kansa ba, tunda mun tashi muna ganin layin jarkoki a bakin famfo. Ku lissafa wa kowane mutum aƙalla lita huɗu zuwa biyar na sha a yinin tafiya, ban da na girki da alwala, ku ƙara wani abu a kai saboda tsautsayi, ku ɗauki hayar amalanke ya riga ku zuwa masauki da jarkoki. Ruwan tafki ko na rijiyar da ba ku sani ba sai an tafasa shi, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa a jira rabin awa. Kada a bar wa yaro ya sha lokacin da ya ga dama, domin saurayi yana jin kunyar ya fara cewa ya gaji a gaban tsaransa. A tsaya kowace awa, kowa ya sha a kan idon jagora. Kowane babba ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya kuma iya bambance gajiyar zafi, inda yaro yake zufa da jiri da ciwon kai, da bugun zafi, inda jiki yake ɗaukar zafi kamar garwashi, yaro ya fara sambatu ko ya rikice. Na biyun yana kisa, kuma maganinsa na farko shi ne a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota nan take.

Na biyu shi ne ƙidaya. Yaron da ya ɓace muku ya ɓace ne saboda mutum 23 sun yi yawa ga ido ɗaya. Ku raba su gida-gida, shida zuwa takwas, kowane gida da shugabansa, kowane yaro da abokin da ba sa rabuwa ko da zagayawa za a yi. A ƙirga kai kafin a tashi, a ƙirga a kowane hutu, a ƙirga kafin a kwanta. Babba ɗaya ya kasance a ƙarshen ayari kullum, kada kowa ya zauna a bayansa. Kowane gida ya riƙe usur, a kuma koya musu cewa wanda ya ga ya ɓace ya tsaya inda yake ya busa sau uku, ya daina yawon neman hanya.

Na uku shi ne sara da harbi. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk suna yankinmu, kunama kuwa ba a magana, kuma yawancin abin yana faruwa ne da magariba ko wajen ɗaukar itace, shi ya sa takalmi rufaffe da tocila suka zama dole, tare da kakkaɓe takalmi da tabarma kafin a yi amfani da su. Idan maciji ya sari yaro, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya, domin waɗannan suna ƙara ɓarna. A kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi da ƴar sanda kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi zuwa asibitin da yake da allurar dafi. Wajibi ne ku san wannan asibiti tun kuna gida. Na san akwai masu magani na gargajiya da jama'a suka yarda da su, amma ɗan wani da aka ba ku amana asibiti za ku kai shi, kuma ku faɗa wa iyaye haka tun kafin a tashi.

Na huɗu, kuma ina roƙonku kada ku ji nauyin tattauna shi a tsakaninku: kada a taɓa fita da ƙasa da manya biyu, kuma kada babba ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganin su, ko a tanti ko a bayan dutse ko a cikin mota. Manya su kwana a nasu wurin, samari a nasu. Wannan doka tana kare yaro daga mugu, tana kuma kare mutumin kirki daga ƙazafi. Duk wanda ya nemi shiga cikinku a bincika halinsa wurin mai unguwa da liman da maƙwabta, kuma wanda ya ce dokar ta yi masa tsauri a ba shi haƙuri ya tafi. Duka da zagi da horon wulaƙanci su ma a haramta su a rubuce.

Idan kun riƙe waɗannan huɗu, to sauran aikin na samarin ne, kuma a nan ne horon babba ya fi wuya. Ɗan shekara 17 ya wuce a ce masa zauna, tashi. Abin da ya kai shi fada shi ne a can ana jin maganarsa, yana da muƙami, ana ba shi amanar kuɗin shayi, kuma idan kuka kai shi daji kuka mai da shi ɗan aji ɗaya, fita biyu zai yi ya koma inda ake ganin girmansa. Faɗan da aka yi muku ma ina kyautata zaton daga rashin aikin yi ya taso. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa samariya take da sarkin samari da muƙarrabansa, su suke kiran gayya su tsara ta, dattawa suna gefe suna sa albarka suna gyara inda ya karkace. Ku bar su su zaɓi shugabansu da ma'aji da mai kula da kaya, su zaɓi inda za a je daga cikin wuraren da kuka riga kuka taka, su yi lissafin shinkafa da mai da gawayi, su je kasuwa da kansu.

Na taɓa bin wani ayari a gabashin gari bayan an gama girbi, wani yaro ɗan shekara 17 yana jagora, taswirar da suka zana da hannu tana hannunsa. Da muka iso inda hanya ta rabu a gindin wata kuka, sai ya ɗauki ta hagu, ni kuwa na san ta dama ce. Bakina ya buɗe zan yi magana, sai na duba agogo na ga ƙarfe takwas ne, na girgiza jarka na ji ruwa ya ishe mu, na san kuma babu wani haɗari a gaba sai gonakin da aka share, saboda haka na yi shiru na bi su. Mun yi kusan minti arba'in kafin ya tsaya, ya dubi inuwarsa, ya dubi takardar, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kanta. Ya je ya gai da wata tsohuwa da take kora jaki da karan dawa, ya tambaye ta, ya dawo ya ce wa abokansa kuskurensa ne, a juya. Ba wanda ya yi masa dariya, kuma daga ranar bai sake wuce mararraba ba tare da ya tsaya ya duba ba. Amma a wata fita cikin damina, da na ga hadari ya haɗo daga gabas alhali suna shirin sauka cikin korama don su yanke hanya, ban tsaya shawara da kowa ba, na ce a hau tudu yanzu, domin korama tana iya kawo ruwa daga inda aka yi sama ko da ɗigo bai sauka a kanku ba. Koyon bambanta waɗannan lokuta biyu shi ne zuciyar horonku, kuma hanyar koyonsa ita ce ku riƙa kawo misalai irin waɗannan a zamanku na mako, kowa ya faɗi ko zai yi magana ko zai yi shiru, da dalilinsa.

Bayan kowace fita ku zauna da samarin tun kafin a watse, ku tambaye su me ya yi kyau, me ya lalace, me za a sauya, ƙaramin cikinsu ya fara magana, manya su yi ta ƙarshe. Kafin fita kuwa, takardar izini daga kowane uba ko mai riƙo, mai ɗauke da lambar waya da bayanin ko yaro yana da asma ko farfaɗiya ko ciwon sikila, sannan a sanar da hukuma da jami'an tsaro, a kuma fara sauka a ƙofar mai gari kafin a kafa tanti a ƙasarsa. Wuta a kunna ta a wurin da aka share, a kashe ta da ruwa da ƙasa har toka ta huce, domin gobarar daji guda tana iya cinye ciyawar da dabbobin yanki suke jira har damina.

TAMBAYA

Ni malama ce a wata makarantar ƴan mata a unguwar Zango. Ɗalibaina manya suna son irin wannan fita, amma iyaye ba za su yarda ba. Akwai hanya?

AMSA

Akwai, Malama, kuma tana farawa ne daga samun mata manya da za su ɗauki horon nan daidai da yadda na bayyana a sama, domin ayarin ƴan mata mata ne za su jagorance shi, aƙalla biyu. Ki fara da fitar yini, a tashi bayan asuba a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, zuwa wuri sananne kamar lambunan Miriya, inda za su ga masu ginin tukwane da masu ban ruwa. Ki gayyaci uwa biyu ko uku su bi ku a fita ta farko, domin gani ya kori ji, kuma uwar da ta ga ƴarta tana ɗaure karaya ko tana lissafin guzurin mutum goma ita za ta shawo miki kan sauran. Ki tanadi keɓaɓɓen wurin zagayawa da ruwa da audugar mata a akwatin magani, ki tsara tafiya yadda salla ba za ta kuɓuce ba. Maganar kwana a bar ta sai iyaye da kansu sun gamsu, kuma idan lokacin ya zo, harabar makarantar wani ƙauye mai katanga, da sanin mai gari, ta fi fili.

TAMBAYA

Wane lokaci ne ya fi dacewa da fita, kuma za mu iya kai su tafkin Gidimuni su yi iyo, ko mu nufi duwatsun Termit?

Daga wani ɗalibin jami'a, Damagaram.

AMSA

Ɗan'uwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin, bayan an kwashe amfanin gona, sai dai a riƙe bargo da rigar sanyi saboda daren hunturu, da rawani ko ƙyalle saboda ƙura. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a bar doguwar tafiya gaba ɗaya. Gidimuni wuri ne mai kyau na kallon tsuntsaye da lambuna, amma ban ba da shawarar iyo ba, domin yawancin samarinmu ba su iya ruwa ba, jagororin ma haka, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da yake kwance. Termit kuwa, wanda aka mai da gandun kare namun daji a 2012, yana da nisa ƙwarai, babu ruwa a hanya, yana buƙatar motoci masu ƙarfi da ɗan jagora na yankin da izinin hukuma, saboda haka ya fi ƙarfin ƙungiyar da take tasowa. Duwatsun da suke kewaye da Damagaram da hanyar Miriya sun ishe ku aikin shekara biyu, kuma daga kowannensu mota tana iya kai majinyaci babban asibitin gari cikin ƙanƙanen lokaci.